Christl Cranz: Gwarzuwar Jamus da har yau ba a kamo tarihinta ba a tseren zamiya kan ƙanƙara

Fiye da shekara 80 ke nan da Christl Cranz ta yi ritaya daga tseren zamiya kan dusar ƙanƙara, amma har yanzu babu mace ko namiji da ya kamo lambobin zinare 12 da ta ci a gasar duniya ta wannan wasa.

An haife ta ranar 1 ga Yuli, 1914 a Brussels, babban birnin Beljiyam. Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta sa iyayenta, waɗanda Jamusawa ne, suka koma gida, suka zauna kusa da Reutlingen, inda ta koyi zamiya tun tana ƙarama. A 1928 iyalin suka tare a Freiburg.

A zamaninta kambu uku ake nema a gasar duniya: na gangarowa daga tsauni kai tsaye, na kewaya sandunan da aka kakkafa a kan hanya, sai na haɗaka, wanda ake tara sakamakon biyun.

Tauraruwarta ta fara haskawa a 1934 a St. Moritz ta ƙasar Suwizalan, inda ta ci zinare biyu da azurfa ɗaya. Haka ta maimaita a Mürren a 1935 da Engelberg a 1938. A Chamonix ta Faransa a 1937 da Zakopane ta Poland a 1939 kuwa, duka kambun uku ta kwashe. Jimilla lambobi 15 ke nan. Sai a 2025 Ba'amurkiya Mikaela Shiffrin ta kamo wannan adadi, amma takwas ne kawai nata na zinare. Ko da yake a lokacin Cranz duk shekara ake gasar, yanzu kuwa sai bayan shekara biyu.

Nasarar da aka fi tunawa da ita ita ce ta Olamfik ta lokacin hunturu ta 1936 a Garmisch-Partenkirchen, karo na farko da aka sanya wannan wasa a gasar. Cranz ta faɗi a tseren gangara, ta tashi ta ƙarasa a matsayi na shida, da tazarar daƙiƙa 19 tsakaninta da Laila Schou Nilsen ta Norway. Washegari ta yi wa kowa fintinkau a zagaye biyu na kewaya sanduna, ta ɗauke zinaren. 'Yar ƙasarta Käthe Grasegger ta samu azurfa, Schou Nilsen ta tsira da tagulla.

Sai dai wannan ɗaukaka ta zo ne a ƙarƙashin mulkin 'yan Nazi, waɗanda suka mayar da gasar dandalin farfaganda, suka kuma riƙa nuna Cranz a matsayin abin koyi ga matan Jamus. A 1941 ta ƙara cin zinare a gasar Cortina d'Ampezzo ta Italiya, wadda aka yi ana tsaka da yaƙi, amma a 1946 hukumar wasan ta duniya ta soke sakamakon baki ɗaya.

A shekarar 1941 ɗin ce ƙaninta Rudolf, wanda shi ma ɗan tsere ne, ya mutu a fagen daga a ranar farko ta mamayar Tarayyar Sobiyet. Ita kuma ta daina gasa tun ba ta kai shekara 30 ba. A 1943 ta auri Adolf Borchers, matuƙin jirgin yaƙi.

Bayan faɗuwar Hitler, hukumomin mamaya na Faransa sun tsare ta saboda alaƙarta da gwamnatin, aka sa ta aikin gona na dole na wasu watanni. Daga bisani ta zauna a ƙauyen Steibis da ke yankin Allgäu, ta buɗe makarantar koya wa yara zamiya, wadda ta riƙe har 1987.

Ta mutu ranar 28 ga Satumba, 2004, tana da shekara 90, bayan ta faɗo daga matakalar bene a gidanta.