Denis Burkitt: Likita mai ido ɗaya da ya bi sawun ciwon dajin muƙamuƙin yaran Afirka

Wata rana a shekarar 1957, a Asibitin Mulago da ke birnin Kampala na ƙasar Yuganda, wani likita mai suna Hugh Trowell ya kira abokin aikinsa, likitan fiɗa Denis Burkitt, ya zo ya duba masa wani yaro ɗan shekara biyar. Muƙamuƙin yaron ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu, haƙoransa suna girgiɗa, fuskarsa ta sauya kama. Abin ya ɗaure wa Burkitt kai, domin a saninsa ƙari yakan fara ne daga wuri guda, ba ya tasowa a kusurwa huɗu na baki lokaci ɗaya. Ya ɗauki hoton yaron, ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauka irin larurar nan ce da likita kan gamu da ita sau ɗaya a rayuwarsa. Babu abin da aka iya yi wa yaron, kuma bai daɗe ba ya rasu.

Bayan 'yan makonni, yana zagayen marasa lafiya a asibitin garin Jinja, sai ya hangi wani yaro da irin wannan fuska. Da ya duba shi, ya tarar bayan kumburin muƙamuƙi akwai wasu ƙulluttai a cikinsa. Daga wannan rana Burkitt ya daina kallon abin a matsayin katari. Binciken da ya biyo baya shi ya fito da cutar da duniya ke kira da sunansa a yau, wato limfomar Burkitt, ɗaya daga cikin cututtukan dajin da suka fi kama yara a yankunan Afirka masu zafi da damshi, har da Najeriya.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Denis Parsons Burkitt ranar 28 ga Fabrairun 1911 a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ailan. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniyan gunduma ne mai kula da hanyoyi da gadoji, amma an fi tuna shi da sha'awar tsuntsaye. Yakan kama wasu ƙananan tsuntsaye masu jan ƙirji ya sanya musu zobba a ƙafa don ya bambanta su, sannan ya zana taswirar iyakar yankin da kowannensu ke kiwo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: da taswira ɗan nasa ya yi suna daga baya.

Yana ɗan shekara 11 aka jefe shi da dutse a wani faɗan yara, ya rasa idonsa na dama. A 1929 ya shiga Kwalejin Trinity da ke Dublin da niyyar karatun injiniya, amma ya sauya zuwa likitanci saboda ya ji a ransa, a matsayinsa na Kirista mai riƙo da addini, cewa nan ne aka kira shi ya yi hidima. Ya kammala a 1935, ya sami shaidar ƙwarewa a aikin fiɗa daga Edinburgh a 1938. Da ya nemi aiki a ƙasashen da Birtaniya ke mulka, aka ƙi ɗaukarsa, kuma rashin idon nan na cikin dalilan. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa ƙofa: ya shiga rundunar likitocin soja, aka tura shi Kenya da Somaliya. A 1943 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, Olive Rogers, wadda suka haifi 'ya'ya mata uku da ita.

A 1946 ya isa Yuganda, aka ajiye shi a garin Lira. A can ya lura cewa gwaiwa ta fi yawa ƙwarai a gabashin gundumar fiye da yammacinta, ya tattara alƙaluma ya wallafa. Wannan shi ne karon farko da ya gwada tambayar da ta zame masa makami: a ina cuta take, a ina kuma ba ta? A 1948 aka mayar da shi Mulago.

Cuta ɗaya a ɗakuna daban-daban

Bayan yaron Jinja, Burkitt ya koma ɗakin ajiyar takardun asibiti yana bin tarihin yaran da aka taɓa kwantarwa da ƙarin muƙamuƙi. Ya gano cewa kusan duk wanda aka bincika gawarsa, an sami ƙari a ƙodarsa ko hantarsa ko wani sashe na cikinsa. Likitoci sun daɗe suna ganin waɗannan yara. Tun farkon ƙarni na 20 Albert Cook ya rubuta irin haka a Asibitin Mengo da ke Kampala. Matsalar ita ce kowa na kallon nasa ɓangaren. Yaron da ƙarin ya turo wa ido waje yana hannun likitan ido, mai kumburin ciki yana wani ɗaki, wanda ƙafafunsa suka shanye yana wani, mai kumburin baki yana wurin likitan fiɗa, kuma kowane ɗaki da sunan da ya ba cutar. Burkitt ne ya haɗa su ya ce abu ɗaya ne.

A 1958 ya wallafa bayanin yara 38 a mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya. Kusan babu wanda ya kula. Sai da masu nazarin tsokar jiki a Kampala, Gregory O'Conor da Jack Davies, suka tabbatar cewa ƙarin daga fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki yake tasowa, wato limfoma ne, sannan rahoton da Burkitt da O'Conor suka fitar a 1961 ya ja hankalin masana.

Kafin nan Burkitt ya riga ya koma ga tambayarsa ta Lira. Da tallafin da bai wuce fam 25 ba, ya buga takardu ɗauke da hotunan yaran da 'yan tambayoyi, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin nahiyar. Duk amsar da ta zo sai ya soka allura a taswirar da ke bangon ofishinsa. A hankali allurai suka yi ɗamara a tsakiyar Afirka daga yamma zuwa gabas, da jela da ta gangara ta gabar gabas zuwa Mozambik.

Tafiyar mil dubu goma

Don ya ga inda ɗamarar ta tsaya da idonsa, a watan Oktoban 1961 ya kama hanya tare da likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, a cikin wata tsohuwar motar Ford. Cikin mako goma suka yi tafiyar kimanin mil 10,000, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Kayan aikinsu kundin hotuna ne da littafin rubutu. A kowane asibiti sukan nuna hotunan, su tambayi likitoci da ma'aikatan jinya ko sun taɓa ganin irin wannan, kuma daga wane ƙauye yaron ya fito.

Abin da suka samo ya ba da mamaki. A kusa da tsakiyar duniya ba a samun cutar a tudun da ya haura ƙafa 5,000. Da aka gangara kudu zuwa Malawi ta yau, iyakar ta sauko zuwa ƙafa 3,000, can kudu kuma ta koma ƙafa 1,000. Ashe sanyi ne ke tsayar da ita: ba ta yaɗuwa inda ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 15. Da Burkitt ya zo Najeriya da Gana daga baya, ya ga sharaɗi na biyu. Cutar ta yawaita a kudu mai yawan ruwan sama, amma ta yi ƙaranci a kewayen Kano duk da ɗimbin jama'arta. Ya kammala cewa tana buƙatar ruwan sama da ya haura inci 20 a shekara.

Ciwon daji mai bin zafi da damina abu ne da ba a taɓa ji ba. Masanin ƙwari Alexander Haddow, na cibiyar bincike da ke Entebbe, ya nuna cewa taswirar ta yi daidai da ta cututtukan da ƙwari ke yaɗawa. Aka fara zargin wata ƙwayar bairas da sauro ke ɗauke da ita.

Bairas, sauro da magani

A watan Maris na 1961 Burkitt ya gabatar da lacca a Asibitin Middlesex da ke Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya roƙe shi ya riƙa aiko masa da yankin ƙarin ta jirgin sama. Kusan shekara uku ana nema ba a ga komai ba, sai a 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka sanar da gano sabuwar bairas a ƙwayoyin da aka raina daga ƙarin muƙamuƙin wata yarinya 'yar Yuganda. Ita ce bairas ɗin Epstein-Barr, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A Ibadan ma, a 1963, Robert Pulvertaft ya raina ƙwayoyin wannan ƙari daga wani yaro ɗan Najeriya, kuma har yau ɗakunan gwaje-gwaje na duniya suna aiki da zuriyarsu.

Sai dai an gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da wannan bairas, kuma ta yawu take yaɗuwa, ba ta sauro ba. Burkitt bai nace wa hasashensa na farko ba. Ya karɓi ra'ayin cewa zazzaɓin cizon sauro ne abokin tafiyar, ya kuma kafa hujja da wurare irin su Zanzibar da Kinshasa, inda aka yaƙi sauro cutar kuma ta yi ƙaranci. Fahimtar masana a yau ita ce, zazzaɓin da ke kama yaro a kai a kai yana gajiyar da garkuwar jikinsa, ya ba bairas ɗin damar ingiza ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa har ɗaya ta kauce hanya.

A ɓangaren magani, fiɗa ba ta warkar da cutar, domin ko an yanke muƙamuƙi tana nan a wasu sassan jiki, kuma a lokacin babu na'urar gashin ƙari a Yuganda. Burkitt ya mai da wannan rashi hujja: ya shaida wa kamfanonin magunguna cewa a nan ne za a ga aikin maganinsu shi kaɗai, suka ba shi kyauta. Da methotrexate da cyclophosphamide, kumburin da ya cika fuskar yaro yakan narke cikin 'yan makonni, wani lokaci bayan allura ɗaya ko biyu, wasu yaran kuma suka warke sarai. Peter Clifford a Nairobi da Victor Ngu, ɗan Kamaru da ke aiki a Ibadan, sun sami irin wannan sakamako. A 1972 Burkitt da Ngu na cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya bari

A 1966 ya bar Yuganda ya koma Landan. Ya shafe sauran shekarunsa yana jan hankalin Turawa cewa cire dusa daga hatsi na da hannu a yawaitar basir da ciwon dajin hanji a ƙasashensu, yana kwatanta abincinsu da na ƙauyukan Afirka. Ya rasu ranar 23 ga Maris na 1993 a Gloucester da ke Ingila, yana da shekara 82.

Cutar da ke ɗauke da sunansa tana nan, kuma asibitocin koyarwa na kudu da arewacin Najeriya suna karɓar yaran da ta kama. Tana cikin mafi saurin girma a duk cututtukan daji, domin ƙarin kan iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. A ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma na yaran da ta kama suna warkewa, amma a yawancin Afirka adadin bai kusanci haka ba, saboda jinkirin zuwa asibiti da tsadar magani da katse shi kafin a kammala. Sau da yawa alamar farko haƙora ne da ke girgiɗa ba lokacin famfara ba, da kumburin kunci ko dasashi da ke ƙaruwa kullum, galibi a yaro ɗan shekara huɗu zuwa bakwai. Akan ɗauka ciwon haƙori ne, a cire haƙorin, a koma gida ana jiran kumburi ya sace. Yaron da aka gaggauta kai wa likitan haƙori da muƙamuƙi, aka yanki tsoka aka gwada aka fara magani da wuri, yana da damar rayuwa da yaron Mulago na 1957 bai samu ba.