Marigayi Alhaji Mamman Shata, Wanda Ya Kwanta A Daura

A cikin mawaƙan ƙasar Hausa na ƙarnin da ya shige, da wuya a sami wanda sunansa ya kai inda na Alhaji Mamman Shata ya kai. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina cikin shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar kiɗa da waƙa tamkar roƙo ne, sana'ar da ba ta kamaci ɗan mutunci ba. Saboda haka Shata ya fara da tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi kurum. Amma fa abin da Allah ya nufi mutum da shi ba ya wuce shi. Sannu a hankali waƙa ta rinjayi talla, ya koma Bakori, daga bisani ya kafa gida a Funtuwa.

Kiɗansa kalangu ne. Abin mamaki game da shi, ba ya zama ya tsara waƙa tukuna. Da makaɗa sun ɗauki kiɗa sai ya shiga ƙaga ta nan take, 'yan amshi suna karɓa. Ya waƙe sarakuna da attajirai, ya waƙe manoma da direbobi, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka aika wata cikin 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Bakandamiyarsa kuwa ita ce waƙar da ya yi wa kansa kirari a ciki. Rediyo da faifai suka kai muryarsa birni da ƙauye, shi kuma ya kai ta Ingila da Amurka da ƙafarsa. Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta, watau sana'ar da aka so hana shi ita ce ta zaunar da shi cikin manyan malamai.

Daga cikin iyayen gidansa babu kamar Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna, ya hau gadon sarauta cikin 1966, ya rasu cikin 2007. Shata ya yi masa waƙa, Sarki kuma ya riƙe shi da girma da amana. Sa'ad da Shata ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ran Jumma'a 18 ga Yuni, 1999, sai aka kai gawarsa Daura aka yi mata sutura a can, a garin ubangidansa.

To, jama'a, ga inda aiki ya rage. Shata bai rubuta waƙoƙinsa ba, kuma ba a san iyakar adadinsu ba. Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun tattara tarihinsa cikin littafin Shata Ikon Allah, amma faifai yana lalacewa, tsofaffin da suka san dalilin kowace waƙa suna ta ƙarewa. Ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan masarautu, musamman na Daura, su rubuta abin da ya saura a bakin dattawa tun da sauran lokaci. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.