Alfred Dunhill: Ɗan Mai Kayan Doki Da Ya Koma Maƙerin Lofe

Yawancin masu ganin sunan Dunhill a kwalin sigari ba su san cewa mai sunan da sirdi da linzami ya fara neman abinci ba. An haifi Alfred Dunhill a Landan a 1872, ya koyi sana'a a shagon mahaifinsa Henry, ya kuma karɓi ragamarsa a 1893, daidai lokacin da mota ta fara yi wa keken doki barazana. Maimakon ya zauna jiran kasuwarsa ta mutu, sai ya koma sayar wa direbobi fitilu da tabarau da rigunan fata. Motocin zamanin ba su da rufi, iska na watsa wutar taba, don haka ya ƙirƙiro lofe mai 'yar garkuwa a gaba. Daga nan ƙafarsa ta shiga harkar.

A 1907 ya buɗe shagon taba a titin Duke. Dabararsa ta kai kowane ɗan kasuwa ya tsaya ya duba: yakan zauna da mai saye, ya haɗa masa taba daidai ɗanɗanonsa, ya rubuta haɗin a littafi da lamba, ta yadda mutum ba shi da wurin komawa sai gunsa. Da lofen da yake sarowa suka kasa gamsar da shi, ya kafa masana'antarsa a 1910, ana sassaƙa su daga saiwar wani icce mai jure wuta da ke tsirowa a ƙasashen Bahar Rum. Farin ɗigon da ya zama tambarin gidan ya samo asali ne a 1912, kuma ba don ado aka sa shi ba, sai don mai lofe ya gane ɓangaren bakin da ke kallon sama. Wannan fa tun kafin likitoci su tabbatar da alaƙar taba da cutar kansar huhu.

Ƙanensa Herbert da ɗansa Alfred Henry suka shigo kasuwancin, aka buɗe reshe a New York da Paris. Shi kuwa ya yi ritaya a 1929, ya koma garin Worthing a bakin teku, inda ya rasu a 1959. 'Yarsa Mary ta hau shugabancin kamfanin a 1961, amma a 1967 kamfanin sigari na Carreras ya saye babban kaso na hannun jarin.