William Randolph Hearst

William Randolph Hearst (29 ga Afrilu, 1863 – 14 ga Agusta, 1951) ɗan kasuwa ne kuma mai gidajen jaridu ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da rawar da jaridarsa ta taka kafin yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898.

Farkon rayuwa

An haife shi a San Francisco. Mahaifinsa, George Hearst, attajiri ne mai haƙar ma'adinai kuma sanata. Ya shiga Jami'ar Harvard amma aka kore shi kafin ya kammala. A 1887 ya karɓi ragamar jaridar San Francisco Examiner, a 1895 kuma ya sayi New York Journal, inda ya shiga gasa da jaridar New York World ta Joseph Pulitzer.

Rikicin Kyuba

A 1895 mutanen Kyuba suka tayar wa Sifaniya da ke mulkinsu. Journal ta riƙa ba da labaran zaluncin sojojin Sifaniya, sau da yawa da ƙarin gishiri. Ranar 9 ga Fabrairu, 1898, ta buga wasiƙar sirri ta jakadan Sifaniya, Dupuy de Lôme, wadda ya soki Shugaba William McKinley a ciki. Jakadan ya yi murabus.

Ranar 15 ga Fabrairu jirgin ruwan yaƙin Amurka, Maine, ya tarwatse a tashar Havana, mutum fiye da 260 suka mutu. Tun kafin a gama bincike, Journal ta ɗora wa Sifaniya laifi, ta kuma sa ladan dala 50,000 ga wanda ya tona masu hannu. Majalisar Amurka ta ayyana yaƙi ranar 25 ga Afrilu. Bayan yaƙin, Amurka ta karɓe Puerto Rico da Guam da Filifin.

Masana tarihi da dama suna ganin jaridu kaɗai ba su jawo yaƙin ba, amma sun zuga jama'a har sulhu ya yi wa gwamnati wuya. Binciken Admiral Hyman Rickover na 1976 ya nuna cewa mai yiwuwa gobara ce daga cikin jirgin ta haddasa fashewar.

Siyasa da rasuwa

Hearst ya wakilci New York a Majalisar Wakilai daga 1903 zuwa 1907. Ya rasu a Beverly Hills yana da shekara 88.