Tarihin Frank Hornby, Mai Ƙera Ƙananan Jiragen Ƙasa

An haifi wannan Bature a birnin Libaful na ƙasar Ingila a shekarar 1863. Bai yi zurfi a makaranta ba, yana ɗan shekara 16 ya fita, ya kama aikin akawu. Daga baya ya zama mai riƙe littattafan kuɗi na wani attajiri mai fataucin nama.

In ya tashi daga aiki, sai ya shiga wani ɗan ɗaki a gidansa yana yanka ƙarfe, yana yi wa 'ya'yansa biyu abin wasa. Ana nan sai dabara ta faɗo masa, ya huda sillayen ƙarfen nan, tsakanin kowane rami da na kusa da shi rabin inci, don kowane sille ya haɗu da kowane, yaro ya gina gada yau, gobe ya kwance ya gina keke. A 1901 ya ranci fam 5 wurin maigidansa, ya yi wa dabarar rajista. Ita ce aka sa wa suna Meccano a 1907.

A 1920 masana'antarsa ta fara fitar da ƙananan jiragen ƙasa da ake murɗa wa mabuɗi kamar agogo, a 1925 kuma masu tafiya da lantarki. Faɗin hanyarsu inci ɗaya da kwata. Ana sayar da hanyar gunduwa-gunduwa, da miƙaƙƙiya, da lanƙwasasshiya, da mararraba. A mararrabar akwai ƙarafa biyu masu tsinin baki, in an ja hannu sai su gusa, ƙafafun jirgi su bi su zuwa ɗaya hanyar. Wanda ya bar su ba su manne sosai ba, ko ya matse kwana, jirginsa sai ya goce. Ta haka yara da yawa suka koyi auna wuri da zana hanya tun kafin su shimfiɗa ta.

Mutanen Everton suka zaɓe shi wakilinsu a Majalisar Ingila a 1931. Ya rasu a 1936.

To, 'yan'uwa masu shirin zama malamai, ga abin lura. Akawun nan da ramin rabin inci ya koya wa yaran ƙasashe da yawa awo da haƙuri. Kada mu raina yaron da muka gani yana ƙera mota da kara. Mu ba shi ma'auni, mu nuna masa amfaninsa. Allah ya sa mu dace.