Marigayi Rashidi Yekini: Ɗan Kaduna Mai Ƙwallo 37

Duk ranar da Super Eagles suka buga wasa, washegari gardama ɗaya ce a bakin kasuwa da teburin mai shayi. Samari su ce Nijeriya ba ta taɓa yin maciyin ƙwallo kamar Victor Osimhen ba, manya kuma su ce ai don ba su ga Rashidi Yekini ba ne. Da yawa cikin masu musun nan ba su san komai game da Yekini ba sai lamba 37, wato yawan ƙwallayen da ya ci wa ƙasa. To, ga tarihin mutumin, ga kuma mudun da ya kamata a auna shi da shi.

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ran 23 ga Oktoba, 1963. Iyayensa Yarabawa ne, asalinsu garin Ira cikin Jihar Kwara, sun yi zaman Arewa kamar yadda mu muke zaman Kudu. A Kaduna ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, kuma a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara tamaula ta sosai. A 1982 Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauko shi. Da shi da Segun Odegbami suka kai ƙungiyar wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke su gida da waje. Daga nan ya koma Abiola Babes ta Abeokuta, a 1987 kuma ya tsallaka Abidjan wurin Africa Sports.

Mutum ne dogo, ƙaƙƙarfa, ga gudu, ga ƙafa mai nauyi. Ba shi da yawan yanka ko wasan burge 'yan kallo. In an jefa masa ƙwallo gaba, sai ya sa kafaɗa ya ture mai tsaron baya, ya saki bugu. Yakan zubar da dama, jama'a su yi ta surutu, amma kafin a tashi ya rama.

A 1990 ya tafi Fotugal, kulob ɗin Vitoria Setubal. Wannan ba babbar ƙungiya ba ce kamar Benfica ko Porto, har ta faɗa rukuni na biyu yana cikinta. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallo 34, ƙungiyar ta dawo rukuni na ɗaya. Kaka ta gaba ya ci 21, ya fi kowa a Fotugal baki ɗaya. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon shekarar 1993, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan lambar.

A wajen ƙasa kuwa, tun 1984 ya fara sa koriyar riga. Ya je gasar kofin Afirka sau biyar. Ya ci ɗaya a 1988, uku a 1990, huɗu a 1992, biyar a 1994, jimla 13 ke nan. A biyun ƙarshe babu wanda ya kai shi. Sau uku Nijeriya tana zuwa wasan ƙarshe yana cikin tawaga ana doke ta, a 1984 da 1988 da 1990, sai a Tunisiya a 1994 Allah Ya nufa, aka ci Zambiya 2 da 1 aka ɗauko kofi ƙarƙashin koci Clemens Westerhof.

Ranar da duniya ta san shi ita ce 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dallas na Amurka. Wasan Nijeriya na farko ke nan a gasar kofin duniya, da Bulgeriya. Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta raga, ya bi ta ciki ya damƙe ragar da hannu biyu yana kururuwa. Daniel Amokachi, shi ma haifaffen Kaduna, ya ci ta biyu, Emmanuel Amuneke ya cike ta uku. Bulgeriyar nan fa ba kanwar lasa ba ce, don ita ce ta fitar da Jamus a wannan gasa ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Yanzu mu zo kan awo. Kowane ɗan kasuwa ya san naira ɗari ta 1990 da naira ɗari ta yau sunansu ɗaya, amma abin da suke saya ba ɗaya ba ne. Haka lissafin ƙwallo yake. Kafin ka ce wane ya fi wane, sai ka tambayi abu uku: wasa nawa ya buga, a ƙarƙashin wace doka, kuma a wane irin wasa ya ci.

Na farko, yawan wasa. Gerd Muller na Jamus ya ci 68 a wasa 62. Miroslav Klose ya wuce shi a 2014, ya tsaya a 71, amma sai da ya buga wasa 137. Ferenc Puskas na Hangari ya ci 84 a wasa 85, Pele ya ci 77 a wasa 92. Cristiano Ronaldo ya wuce kowa a 2021, amma a 2023 ya cika wasa 200 a rigar Fotugal. Yekini nasa 37 ya ci su ne a wasa 58 a wani lissafin, 62 a wani, don wasu masu ƙidaya suna sa wasannin da wasu ba sa sawa. Gasar Afirka ma ba ɗaya ba ce. Zuwa 1990 ƙasa takwas ke zuwa, a 1992 da 1994 goma sha biyu, wanda ya kai ƙarshe wasa biyar yake bugawa. Daga 2019 ƙasashe 24 ne, wasa bakwai. Laurent Pokou na Kwaddibuwa ya ci 14 a gasar 1968 da 1970, ba a wuce shi ba sai a 2008, lokacin da Samuel Eto'o na Kamaru ya yi, ya kuma tsaya a 18 bayan gasa shida. Yekini ƙwallo ɗaya ta raba shi da Pokou, sai ga shi gwamnatin soja ta janye Nijeriya daga gasar 1996, aka kuma hana ta ta 1998. Ƙofar ta rufe masa ke nan.

Na biyu, doka. Sai a 1990 aka ce wanda ke kafaɗa da kafaɗa da mai tsaron baya bai yi satar gida ba. Sai a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa. Kafin nan, ƙungiyar da ta ci ɗaya sai ta yi ta cinye lokaci. Na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa kuwa a 2018 ta shiga gasar duniya. Yekini ya yi ƙuruciyarsa a filaye masu rami da ƙura, inda za a sare ka daga baya rafali ya ce a ci gaba.

Na uku, nauyin wasa. A nan ma sai a yi adalci. Osimhen ya ci huɗu ranar da aka lallasa Sao Tome 10 da nema a 2022, Yekini ma ya ci huɗu ranar da aka ba Burkina Faso 7 da 1 a 1991. Osimhen ya wuce 23 na Odegbami a 2025, kafin ƙarshen shekarar ya haura 30, kuma bai buga wasa da yawa ba kafin ya kai nan, saboda haka ba mai cewa yawan wasa ne ya ɗaga shi. Inda bambancin yake, ƙwallayen Yekini sun kai Nijeriya gasar duniya karon farko, sun kuma kawo kofin Afirka gida. Nijeriya ba ta je gasar duniya ta 2022 ba, a Nuwamban 2025 kuma Kwango ta fitar da ita daga neman ta 2026 a bugun fenariti.

Bayan 1994 tauraronsa ya fara dushewa. Ya je Olympiacos a Girka, zaman bai yi daɗi ba. Ya wuce Sporting Gijon a Sifen, ya koma Setubal, ya yi Zurich, ya taɓa Tunisiya da Saudiyya. An tafi da shi gasar duniya ta Faransa a 1998, amma galibi daga benci yake shigowa. Ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, a 2005 kuma, yana da shekara 41, ya sa rigar Gateway ta Abeokuta.

A Ibadan ya zauna bayan ya aje takalmi. Ba ya son taro, ba ya bin manya neman muƙami, sau da yawa shi kaɗai ake gani yana motsa jiki a filin Liberty. Maƙwabta sun shaide shi da kyauta. A ƙarshen rayuwarsa jaridu suka yi ta kawo labarin rashin lafiyarsa, ran 4 ga Mayu, 2012, Allah Ya karɓi abinsa yana da shekara 48. An binne shi a Ira. Cikinmu da muka yi ta ihu a 1994, kaɗan ne suka tambayi halin da yake ciki tun yana da rai.

Don haka 'yan'uwa samari, duk wanda ya wuce 37 a taya shi murna, ai don a wuce ake kafa tarihi. Amma in za ku auna, ku auna da mudun zamanin kowa. Allah Ya jiƙan Rashidi, Ya gafarta masa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.