TAƘAITACCEN TARIHIN SHEHU USMANU ƊANFODIYO (1754–1817)

An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1754 a garin Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar Gobir, masarautar da Birnin Lalle na yankin Dakoro ya taɓa zama fadarta. Ya tashi a Dagel, ya fara karatu a gaban mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, daga baya ya ɗauki ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru a Agadas. Yana da shekara 20 ya fara fita wa'azi, ya zaga ƙasashen Gobir da Kabi da Zamfara yana karantar da maza da mata.

Wajen shekarar 1788, ranar Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya raba masu kyauta. Shehu bai karɓi zinariyar da aka ba shi ba. A madadinta ya roƙi abu 5: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki ɗaurarru, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Sarki Bawa ya amince. A ranar, malamin da ba shi da sarauta ya samo wa talakawa sauƙin da hakimai ba su samo masu ba.

Bayan rasuwar Bawa zama ya ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da fadar Gobir. Suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, inda aka yi masa mubaya'a. Yaƙi ya biyo baya, har aka ci Alƙalawa a 1808.

Da ƙasa ta komo hannunsa, sai Shehu ya yi abin da masu nasara ba su saba yi ba. Ya zauna Sifawa, a 1812 ya raba ɗawainiyar mulki: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Shi kuwa ya koma kan buzunsa yana karantarwa, yana wallafa littattafai, yana yi wa shugabanni nasiha kan adalci. Ya komo Sakkwato a 1815, Allah ya yi masa rasuwa a 1817.

Daular da ya kafa ta faɗa hannun Turawan Ingila a 1903, amma har gobe ana karanta littattafansa, irin su Ihya'us Sunna, a zaurukan malamai na Nijar da Nijeriya. Ɗiyarsa Nana Asma'u kuma ta ɗora kan aikinsa na ilmantar da mata. Darasin ga masu rawani shi ne, umarni iyakarsa ranar da mai shi ya sauka, girman da aka shuka a zukatan jama'a kuwa jikoki ke girbarsa.

Allah ya jiƙan magabata, amin.